Tsatsar Jiki da Zinariyar Birnin Gwari

Duk wanda ya taɓa ɓare goro ya bar shi a sarari ya san yadda ɓarin yake rinewa, haka kuma fartanyar da ta kwana a raɓa takan wayi gari da tsatsa. Iskar da ake shaƙa, watau oksijin, ita ce ke yin wannan aiki, kuma masana sinadaran jiki sun tabbatar da cewa irinsa yana aukuwa a cikin jikin ɗan Adam.

Yayin da jiki ke ƙona abinci domin samun ƙarfi, akan sami waɗansu 'yan ƙwayoyi masu ɗauke da ilektron guda wanda ba shi da abokin zama, alhali kuwa biyu-biyu ilektron ke zama. Turawa na kiran su firi radikal. Da Hausa ba laifi a ce musu gwagware, domin ba su natsuwa sai sun fizge na maƙwabci, shi kuma ya zama gwauro ya auka wa na gaba. Da haka suke ɓata kitse da furotin har da ƙwayoyin gado. Jiki yana da dogarai masu tare su, kamar sinadarin gulutatiyon da bitamin C da E. Idan gwagware suka rinjayi dogarai, to, an sami abin da za a kira tsatsar jiki. Denham Harman ya danganta ta da tsufa a 1956, McCord da Fridovich suka gano ɗaya daga cikin manyan dogaran a 1969, sa'an nan Helmut Sies ya daidaita ma'anar al'amarin a 1985.

A jami'o'in ƙasar nan binciken ya fi karkata ga tsirrai. Akan jiƙa ɓawon maɗaci ko marke ko ganyen sabara, a ɗiga ruwan cikin wani sinadari mai launin shunayya, in ya koma ruwan ɗorawa sai a rubuta cewa itacen yana kashe gwagware. Wannan aiki yana da amfaninsa, kuma dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari, wanda aka keɓe tun 1936 aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, cike yake da doka da kaɗanya da ɗorawa da sauran itatuwan da suka cancanci nazari. Amma fa kwalbar gwaji daban, cikin mutum daban. A ƙasar Finlan an bai wa mashaya taba kimanin 29,000 ƙwayoyi iri-iri, da sakamako ya fito a 1994 sai aka ga waɗanda suka sha bita-karotin, wanda ake yabo da kashe gwagware, sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Masu tallar magani da lasifika a tasha, waɗanda garin sassaƙensu guda ke warkar da ciwon suga da hawan jini da basir a lokaci ɗaya, ba su da labarin wannan.

Inda ya kamata masu bincike su fi zuba ido a Birnin Gwari shi ne ramukan zinariya. An daɗe ana haƙarta a wannan ƙasa, kuma yadda ƙananan mahaƙa ke aiki a Arewa sananne ne: a fasa dutse, a niƙa shi a inji, a wanke garin, a kama zinariyar da zaiba, a ƙona zaibar ta tashi hayaƙi. Zaiba da dalma duka suna liƙe wa gulutatiyon su hana shi aiki, watau su ɗaure dogari su bar wa gwagware gari. Dalma kuma tana da wata hanyar ɓarna ta daban, domin takan shiga gurbin sinadarin kalsiyam a ƙwaƙwalwar yaro.

Maƙwabta sun riga sun ɗanɗana. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar da yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Ashe dutsen da ake niƙawa a tsakar gida yana ɗauke da dalma, yara na rarrafe a ƙurar suna kai hannu baki. Fiye da yara 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, wadda ke iyaka da Birnin Gwari, ya kashe yara 28. Ba ɓawon itace ya tsai da mutuwar ba. An kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, an fitar da niƙa daga cikin gari, an bai wa yara maganin da ke kama dalma ya fitar da ita cikin fitsari.

Shekaru da dama 'yan bindiga sun hana shiga wannan yanki, har zuwa ƙarshen 2024 da Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da su aka sake buɗe karar Birnin Gwari. Duk wata dama da aka samu ta shiga, ya kamata masana daga Zariya da Kaduna su fara da auna dalma da zaiba a jinin yaran mahaƙa da ƙasar tsakar gidajensu, kafin su waiwayi sassaƙe.

Sashen Hausa kuwa yana da nasa rabo a nan. Matar da ake niƙa dutse a zaurenta ba za ta karanta mujallar kimiyya da Turanci ba, amma ta san tsatsa, ta san gwauro. Ɗaliban da ke neman abin rubuta kundin digiri suna iya zama da takwarorinsu na sashen sinadarai su daidaita waɗannan kalmomi, su gwada su a kan mahaƙa da unguwarzoma, su ga wacce ta shiga kunne, sa'an nan a miƙa wa gidajen rediyon Kaduna.