Wata Yana Sama, Ɗanki Yana Cinyarki

Yau za mu tsaya a kan wata magana da ta shigo mana ɗakuna ta wayar hannu, domin ya fi kyau a tattauna ta tun ba ta yi saiwa ba. Watau zancen nan da a ke yaɗawa cewa burujin da wata ya ke ciki a sa'ar da aka haifi yaro shi ne ke tsara halinsa, shi ne kuma ke nuna irin lallashin da zuciyarsa ke bukata. Sai a ce ki ba da ranar da kika haihu, da ƙarfe nawa ne, da sunan garin, kafin ki sauke tukunya an aiko miki da bayani mai daɗin karatu: ɗanki mai zafin rai ne, 'yarki mai kunya ce, autanki kuwa ba ya son a raba shi da jikinki. Uwa ta karanta ta gyaɗa kai, ta ce wallahi kamar sun san shi.

Bari mu fara da abin da masu wannan sana'a ke cewa, don kada a ce mun yi musu rashin adalci. Asalin abin daga Babila ya ke, a ƙasar Iraƙi ta yanzu. Daga nan ya shiga hannun Girkawa, har wani masani na birnin Iskandariya ta Masar, wanda Turawa ke kira Ptolemy, ya tsara shi a littafi cikin ƙarni na 2 na Miladiyya. Sun raba hanyar da rana da wata ke bi a sararin sama gida 12, su ne buruji. Rana takan yi kamar kwana 30 a kowane gida, shi kuwa wata yakan zagaye su duka cikin kwana 27 da 'yan sa'o'i, watau kwana biyu da ɗoriya ke nan a kowane gida. A wurin masu duban taurari na Turai da Amurka, burujin rana shi ne halin da mutum ke nuna wa jama'a, burujin wata kuwa shi ne cikinsa: abin da ke ba shi tsoro, da abin da ke kwantar masa da hankali, da yadda ya ke da uwarsa. Shi ya sa su ke cewa a wajen ƙaramin yaro na wata ya fi ƙarfi.

Sun kuma kasa gidajen kashi huɗu. Wai yaron da watansa ya faɗa gidan wuta, watau Rago ko Zaki ko Baka, mai kuzari ne da saurin fushi, yana son fili ya yi gudu, yana kuma son yabo. Na gidan ƙasa, Sa ko Zangarniya ko Bunsuru, yana son abincinsa da barcinsa a kan lokaci. Na gidan iska, Tagwaye ko Ma'auni ko Guga, sarkin tambaya ne, yana son a yi hira da shi. Na gidan ruwa kuwa, Ƙaguwa ko Kunama ko Kifi, mai raunin zuciya ne, yana son goyo da runguma.

To, 'yar'uwa, sake karanta jerin nan a hankali. Wane yaro ne ba ya son yabo? Wane ne ba ya son abincinsa a kan lokaci, ko hira, ko ɗumin jikin uwarsa? A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 takardu, ya ce wa kowanne bayanin halinsa ne shi kaɗai. Da aka ce su auna yadda bayanin ya dace da su, sai suka ba shi maki wajen 4.3 cikin 5. Ashe takarda iri ɗaya ce ya raba musu duka, kuma yawancin maganganun daga wani littafin taurari na kasuwa ya tsinto su. Riga ce da aka ɗinka ta da faɗi, kowa ya saka sai ta shige shi.

Har ila yau su kansu masu duban ba su daidaita a kan gidan da wata ya ke ba. A Indiya burujin wata ya fi na rana daraja, har iyalai da yawa sukan zaɓi harafin farko na sunan jariri bisa ga tauraron da wata ya sauka a ranar haihuwarsa. Amma lissafin Indiya yana bin taurarin kansu ne, na Turai kuwa yana farawa ne daga ranar da dare da rana ke daidaita a watan Maris, kuma a yau tazarar da ke tsakaninsu ta kai wajen digiri 24, alhali faɗin kowane gida digiri 30 ne. Ma'anar wannan ita ce, cikin yara biyar, kamar huɗu za su sami gida daban. Ɗanki da mai duba na Landan zai ce Zaki ne mai ƙarfin zuciya, na Delhi zai ce Ƙaguwa ne mai maƙale wa uwa. Da wanne za ki yi reno?

Sa'an nan a kowace shekara ana haihuwar jarirai kimanin miliyan 130 a duniya, watau fiye da dubu 350 a rana. Ashe dubban ɗaruruwa ke nan ke tarayya a gidan wata ɗaya a kowane zagaye. Ba sai mun je nesa ba ma: duk wadda ta reni tagwaye ta san Hassan na iya zama mai sanyi kamar ruwan randa, Husaini kuwa ya hana gida sakat, alhali mintoci ne tsakaninsu. An kuma gwada abin a fili. A 1985 mujallar kimiyya ta Nature ta buga gwajin da Shawn Carlson ya yi, inda aka ba ƙwararrun masu duban taurari taswirar haihuwar mutum tare da bayanin halin mutum uku, aka ce su nuna nasa. Sun dace kamar sau ɗaya cikin uku, watau daidai da wanda ya rufe ido ya yi canki-canki.

Wata za ta ce, to ko da ba gaskiya ba ne, mene ne laifin karantawa don nishaɗi? A nan ne damuwarmu ta ke. Lakabin da aka liƙa wa yaro ba ya tsayawa a takarda, yakan bi shi har ya girma. Dubi Asantawa na ƙasar Gana, waɗanda fatakenmu na goro ke kira Tonawa. Suna raɗa wa yaro sunan ranar da aka haife shi, kuma a al'adarsu Kwadwo, ɗan Litinin, mai sanyin hali ne, Kwaku, ɗan Laraba, mai neman faɗa ne. A 1954 wani masani, Gustav Jahoda, ya duba takardun kotun yara, ya tarar 'yan Litinin sun yi ƙaranci a cikin masu laifi, 'yan Laraba kuwa sun yi yawa a laifin duka da jin rauni. Ranar Laraba ba ta da hannu ba ta da baki. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne, yaron da ya tashi yana jin kowa na cewa shi mafaɗaci ne, ba ya ba mutane kunya.

A Japan kuma akwai shekarar da su ke kira Dokin Wuta, mai zagayowa duk bayan shekara 60: 1906, 1966, 2026. An camfa cewa 'yar da aka haifa a cikinta za ta yi taurin kai, ta zama ajalin mijinta. A 1965 an haifi jarirai kimanin miliyan 1.82 a ƙasar, a 1966 sai adadin ya faɗo zuwa miliyan 1.36. Ƙasa mai ilmi da masana'antu ke nan, amma tsoron lakabi ya hana dubban ɗaruruwan iyaye haihuwa, don kada 'yarsu ta rasa miji.

Akwai kuma hatsarin da ya fi wannan kusa. Uwar da aka gaya wa ɗanta ɗan ruwa ne mai yawan kuka, za ta iya yin sakaci da ciwon kunne, ko ciwon ciki, ko ciwon ƙashi na sikila da ke sa shi kukan. Wadda aka ce wa 'yarta mai shiru ce tun daga sama, za ta iya shekara biyu ba ta lura yarinyar ba ta waiwayowa in an kira ta ba, ko kuwa ƙarancin jini ne ya kashe mata jiki. Abin da asibiti zai gano da wuri, sai a bar shi ya yi nisa ana cewa hali ne.

Mu dai ba baƙin sama ba ne. Da ganin jinjirin wata mu ke ɗaukar azumi, mu yi Salla. Malamanmu da tsofaffin manoma sun daɗe suna lissafi da masaukan wata 28, irin su Suraya, wadda mu ke kira Kaza da 'Ya'yanta, da Dabaran da Zira'a da Jabha, kusan kowanne kwana 13, don sanin lokacin shuka da shigowar ɗari. Wannan ilmin lokaci ne, kuma tun da can malamai sun bambanta shi da da'awar cewa tauraro na juya halin mutum ko rabonsa, wadda suka hana. Muna da Ladi da Talatu da Balarabe da Ɗanjuma, amma sunan rana ne kawai. Sai dai mu ma muna da namu lakabin da ba ya bukatar buruji: "wannan halin dangin ubansa ya ɗauko," "wannan ba za ta yi karatu ba." Bakin uwa kaifi gare shi, ko daga waya ta ɗauko maganar ko daga ɓacin rai.

Gaskiya ɗaya da ke cikin zancen masu taurari ita ce, yara ba su zo da hali ɗaya ba, kuma abin da ya kwantar da wannan ba lalle ya kwantar da wancan ba. Likitoci ma sun tabbatar da haka, amma ta hanyar kallon yaran. A 1956 wasu likitoci mata da miji a birnin New York, Stella Chess da Alexander Thomas, suka fara bin rayuwar yara fiye da 130 tun suna jarirai har suka girma. Sun tarar kamar 40 cikin 100 masu sauƙin reno ne, kamar 10 masu wuya ne, masu kuka da ƙarfi da barci ba kan ƙa'ida ba, kamar 15 kuwa masu ɗari-ɗari ne da baƙon abu sai a hankali su saba, sauran sun haɗa nan da can. Babban darasinsu shi ne, makomar yaro ta fi rataya a kan dacewar reno da halin da ya zo da shi. Mai wuya in ya sami haƙuri da tsari yakan daidaita, mai sauƙi ma in an matsa masa yakan birkice.

Saboda haka shawararmu ita ce, ki ba kanki mako biyu kina lura. Yaushe ya ke jin yunwa, yaushe ya ke barci? In baƙo ya shigo, yakan nufe shi ko yakan ɓuya bayan zanenki? In ya fusata, goyo ke sauko da shi, ko magana, ko a ƙyale shi na ɗan lokaci? Hayaniyar gidan biki na sa shi murna ko kuka? Mai ɗari-ɗari kada ki tura shi gaban mutane da ƙarfi, ki fara kai shi ƙofar makaranta ya gani kafin ranar shiga. Mai kuzari ki ba shi aike da wasan da zai gajiyar da shi, maimakon bulala. In kin ga sauyin da ba ki gane ba, kukan da ba ya tsayawa ko shirun da ya yi yawa, ki nufi asibiti. In kuma za ki tsawata, ki tsawata wa aikin da ya yi, kada ki raɗa masa sunan da zai bi shi.

Gani ya kori ji. Wanda ya rubuta bayanin nan na waya bai taɓa jin kukan ɗanki ba, ke kuwa kina rarrabe na yunwa da na ciwo ko cikin barci. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu haƙurin renonsu, amin.