Saun kad ɗin farko ga mawaƙin Paiko

Matasan Paiko da ke son naɗar waƙa a ɗaki, kada tsadar kayan situdiyo ta firgita ku. Saun kad ɗin Behringer UMC22 ya ishi mai farawa: yana da ramin makirfo guda, yana kuma ba da wutar 48V da makirfon kondensa ke buƙata. Idan aljihu ya yi nauyi, Focusrite Scarlett Solo ya fi tsabtar sauti. Abin da ya fi burge ni, dukansu daga USB na laftof suke shan wuta, ko an ɗauke lantarki aiki bai tsaya ba, ba kuma ƙarar janareta a bayan muryarka. Ko a Minna za ka saya ko a Abuja, ka jona shi, ka sa hedfon ka saurara kafin ka biya, domin jabu sun yi yawa. Ragowar kuɗin a sayi barguna a rataya a bango don rage amsa-kuwwa.