Sola ta iso Baure, amma wa ke auna ruwan da ke ƙarƙashinmu?

Kwana biyun nan duk shafin da ka leƙa zancen ƙirƙirarriyar basira ake yi. Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022, sannan 'yan China suka fito da DeepSeek a farkon 2025 har kasuwar hannun jarin Amurka ta girgiza, kowa ya zama masani a kai. Ba laifi, ni ma ina taɓawa a wajen aiki. Amma in za a tambaye ni wace fasaha ce ta fi sauya rayuwar mutumin Baure a shekaru ukun nan, ba zan yi dogon tunani ba: faifan sola ne. Wannan baƙin allon da kuke gani a kan rufin shaguna da masallatai da bakin rijiyoyi.

Kuma ba haka kawai ya faɗo mana daga sama ba. Abubuwa ne suka haɗu, wasu daga Abuja, wasu daga nesa ƙwarai.

Na farko, fetur. Mu mutanen iyaka mun riga kowa shan wahalarsa. Tun watan Nuwamba na 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka, wai don a hana fasa-ƙwauri. Wanda ke zaune a Kano a rediyo ya ji labarin, mu kuwa a aljihu muka ji shi. Sai ga 29 ga Mayu 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mai injin ban-ruwa, mai cajin waya, mai sayar da ƙanƙara, tela, kowa ya zauna ya sake lissafi.

Na biyu, wutar NEPA da dama can sai a hankali. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana rabon megawat dubu huɗu zuwa biyar. A watan Oktoba na 2024 manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, aka yi fiye da mako guda jihohinmu na cikin duhu. A birane aka yi ta kuka. A ƙauyukanmu kuwa wasu ba su ma san an ɗauke ba, don rabonsu da ita an jima.

Na uku shi ne wanda mutane ba su cika lura da shi ba. China ce ke ƙera fiye da kashi 80 cikin 100 na faifan solar duniya, kuma masana'antunta sun ƙera fiye da abin da kasuwarsu za ta shanye. Amurka ta yi ta lafta musu haraji don ta kare nata kamfanonin. Kaya ya yi yawa, farashi ya faɗi, sai suka juyo Afirka da Asiya. Cibiyar bincike ta Ember ta lissafa cewa a cikin wata 12 zuwa Yunin 2025 Afirka ta shigo da faifan sola na kusan megawat 15,000 daga China, Najeriya ce ta biyu bayan Afirka ta Kudu da sama da megawat 1,700. Kar a ruɗe, wannan adadin ƙarfin faifan ne a tsakar rana, ba wutar awa 24 ba ce. Duk da haka ba ƙaramin abu ba ne, kuma yawancinsa kuɗin mutane ne na kansu. Wato rigimar ciniki tsakanin manyan ƙasashe biyu ita ta taimaka wa mai shago a Babban Mutum ya sayi abin da shekara goma baya sai mai hali.

Maƙwabtanmu na Nijar su ma sun ɗauki darasi da zafinsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Najeriya ta yanke musu wuta, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutarsu daga nan take zuwa. Tashar sola ta Gorou Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, ta rage musu raɗaɗi. Wanda aka taɓa kashe wa fitila daga wata ƙasa ba sai an yi masa wa'azi a kan amfanin rana ba.

To yanzu ga inda nake son mu tsaya.

Abin da ya sa sola ta fi dacewa da manomi fiye da ma'aikaci irina shi ne batir. Ni da dare nake buƙatar wuta, dole in sayi batir da inbata, kuma su ne masu cin kuɗin, su ne masu saurin mutuwa. Manomi kuwa da rana yake ban-ruwa. Faifai, waya, famfo, shi ke nan. Rana ta fito ruwa ya fito. Allah kuma ya hore mana ranar, ƙasar Daura ta fi Legas da Fatakwal samunta nesa ba kusa ba. Shi ya sa mai noman rani da ya sayi nasa yake ji kamar an sauke masa dutse daga ka.

Amma a nan ne tsorona yake. Lokacin da ake ban-ruwa da fetur, tsadar man ita ce linzami. Mutum ba ya barin inji yana aiki a banza, don kowane minti kuɗi ne. Yanzu linzamin ya tsinke. Wanda ya riga ya biya kuɗin faifai, ko ya ja ruwa awa biyu ko awa takwas duk ɗaya ne a aljihunsa. Me zai hana shi faɗaɗa gona? Me zai sa ya kashe famfo in ya tafi sallar azahar? Ƙasarmu rairayi ce, damina wata uku zuwa huɗu ce, ruwan da ke ƙasa kuma ba teku ba ne. Abin da damina ta zuba shi muke ɗiba. In masu ɗiba suka ninka, damina kuwa ba ta ninka ba, ai lissafin a fili yake.

Wannan ba hasashena ba ne kawai. A lardin Helmand na Afghanistan da wasu yankunan Yaman, inda manoma suka koma famfon sola gadan-gadan, masu bincike sun ga ruwan ƙasa yana ja da baya. Kuma in ruwa ya yi ƙasa, ba mai burtsatse mai zurfi ke fara ji ba. Rijiyar unguwa ce ke fara ƙafewa, wadda mata da yara ke ja da guga, da wadda Bafulatani ke shayar da shanunsa. Mai kuɗi ya ƙara zurfi, talaka ya ƙara tafiya. Mun san kuma irin abin da rigimar ruwa tsakanin manomi da makiyayi take haifarwa, ba sai na faɗa ba.

Kar wani ya ce ina adawa da sola. Ina! In da hali kowane asibitin karkara ya samu, ko don firjin allurar rigakafi da ɗakin haihuwa. Abin da nake cewa, a fara auna ruwan tun yanzu. Ba aiki ne na biliyoyi ba. A zaɓi rijiyoyi kaɗan a kowace mazaɓa, malamin gona ya riƙa zura igiya mai awo sau ɗaya a wata yana rubutawa. Bayan shekara uku za mu san ko muna cin riba ne ko muna cin uwar kuɗi. Ni ma'aikaci ne, na san yadda takarda ke kwana a ofis, amma wannan ko dagaci da mai unguwa za su iya riƙe littafinsa.

Sai maganar hana shigo da faifan. A watan Maris na 2025 ministan kimiyya da fasaha na lokacin, Uche Nnaji, ya ce gwamnati na shirin dakatar da shigo da shi don a ƙarfafa masu ƙerawa a gida. Niyyar mai kyau ce, wa zai ƙi a ƙera a Najeriya? Amma mu da muka ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 mun san yadda irin wannan ke ƙarewa. Shinkafa ba ta daina shigowa ba, hanya kawai ta sauya, farashi ya hau, masu babur suka samu sana'ar dare. In aka hana faifai kafin na gida ya wadata kuma ya yi araha, ta Magarya zai riƙa ɓullowa, da tsada, ba garanti, kuma jabu ya fi yawa. A fara gina masana'antar tukuna, in kayanta ya yi kyau ba sai an tilasta wa kowa ba.

Jabun ma tun yanzu yana nan. Faifai an rubuta masa wat 300, in aka gwada da kyar ya ba da rabi. Mai saye ba shi da na'urar gwaji, mai haɗawa kuma yawanci a gefen wani ya koya. Da yawa ba su san ƙurar hunturu na rage ƙarfin faifai ba sai an riƙa gogewa, ba su san tsananin zafi ma yana rage shi ba. Ga tsofaffin batura masu dalma da ake yarwa a bayan gida yara na wasa da su. Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Daura, ga jami'ar sufuri. Kwas na wata uku ko shida a kan haɗa sola da gyaran famfo, da takardar shaida, zai fi wa yaranmu amfani fiye da wasu tarukan da ake kashe wa kuɗi a otal.

Masu noman rani da ke bin shafin nan, na Baure da Zango da Babura har da 'yan'uwa na tsallaken iyaka, don Allah ku taimaka mana da amsa ɗaya: a gaba nawa kuke samun ruwa shekara biyar da ta wuce, a gaba nawa kuke samunsa bana?