Jirgi bai tashi ba, haɗari ya riga shi

 In aka yi zancen haɗarin jirgin sama, hankalinmu sama yake tafiya. Amma wanda ya fi kowanne cin rayuka, a ƙasa ya auku. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife, manyan jirage biyu suka yi karo a kan titin tashi, cikin hazo. Mutum 583 suka rasu. Masu hasumiya ba sa ganin jiragen, matuƙan ma ba sa ganin juna, kuma filin ba shi da radar ta ƙasa.

Ku riƙe kalmar nan, hazo. Mu da kan bi hanyar Ɗan Issa da fitila kunne da hantsi a lokacin hunturu, ai ba sai an yi mana fassara ba.

Wani zai ce tsohon labari ne. To, a Oktoba 2014 shugaban kamfanin Total, Christophe de Margerie, ya mutu a Mosko saboda jirginsa ya bugi motar share ƙanƙara yana shirin tashi. Nan kusa kuwa, a 2005, jirgin Air France ya afka wa garken shanu a filin Fatakwal. Shanu fa!

Dabarar da manyan filaye suka samo ba tsafi ba ce. Kowace mota mai shiga fili, ta ƴan kwana-kwana ko ta mai, ana liƙa mata ƴar na'ura da ke faɗin inda take a kowane lokaci. Jirgi ma da tasa. Mai hasumiya yana kallon kowa a allo kamar tururuwa a faifai, in biyu suka doshi wuri guda ƙararrawa ta buga.

Mun san abin na da tsada, kuma filin Maraɗi ba na Paris ba ne. Ba mu ce a ci bashi don radar ba. Amma ƙaramin fili ma akwai abin da ba a yafe masa: shinge mai ƙwari, rediyon hannu a kowace mota, da dokar cewa ba mai taka titin jirgi sai da izinin hasumiya, ko da rakiyar babban baƙo ya zo. A ganinmu wannan na ƙarshen ya fi wuya, don mun san halinmu in an ga manya.

Saura namu. Yaron da muka tura kiwo, da ɗan kabu-kabu mai neman yanke, wa ya taɓa gaya musu jirgin da ya ɗauki gudu ba ya kaucewa kamar mota? Ba kowa. Gobe a shirinmu na safe da nan za mu fara, makiyaya muna jiran kiranku.