Sifilin Da Ya Ɓace Ba Ƙaddara Ba Ce

Duk sanda banki ko ma'aikata za ta kwashe bayanan jama'a daga tsohon rumbun kwamfuta zuwa sabo, sai a turo mana saƙo mai laushi cewa ana inganta hidima. In abu ya caɓe, amsa ɗaya ce: matsalar sabis. Sau da yawa sabis lafiyarsa ƙalau, ganganci ne kawai.

Kowane rumbun bayanai da yarensa. Na MySQL daban da na PostgreSQL ko Oracle. A da injiniya ke zama ya rubuta umarnin ƙaurar layi-layi. Yanzu manhaja ko ƙirƙirarriyar basira ke zubo shi cikin daƙiƙu, kuma a ido tsaf yake. Sai dai ba ta san mu ba. Lambar asusu mai alƙaluma 10 da ta fara da sifili, in ta ɗauke ta a matsayin adadi, sifilin ya faɗi, saura 9. In ta karanta 03/04 a tsarin Amurka, wanda aka haifa 3 ga Afrilu ya koma 4 ga Maris. Ƙugiyar da ke sunan Ɗanladi ko Ƙasimu tana iya zama alamar tambaya. Mafi muni, babu ƙararrawar da za ta kaɗa. Allo zai nuna an kammala.

Wa ke biya? Dillalin shanu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, an loda mota, kuɗi sun maƙale. Da ɗan fansho daga Gagarawa ko Sule Tankarkar da aka ce bayanansa ba su dace da na NIN ba: ya hau mota zuwa Gumel, a tura shi Dutse, ya yi rantsuwa a kotu kan kuskuren da ba nasa ba.

A Oktoban 2024 bankunan Zenith da GTBank sun sauya manhajarsu, masu ajiya suka kwashe kwanaki suna kuka. A Birtaniya, bankin TSB ya yi irin wannan ƙaura a 2018, jama'a suka kasa shiga asusunsu. A 2022 hukumomi suka ci shi tarar sama da fam miliyan 48. Can hukunci, nan "a yi haƙuri".

Za a ce na'ura ta fi sauri da arha. Haka ne, amma sauri ya haifi nawa. Ba a hana amfani da ita ba, a dai bi sawunta. A ƙirga bayanai kafin ƙaura da bayanta. A daidaita kuɗi har kwabo. A gwada da sunayenmu na gaske. Kada a rufe tsohon rumbu sai sabo ya tsaya da ƙafarsa. Sannan ɗan Adam mai suna da muƙami ya sa hannu.

Babban Bankin Najeriya da Hukumar Kare Bayanai, wadda dokar 2023 ta kafa, su riƙa tambayar sunan nan. Manhaja ba ta zuwa kotu. Wanda ya danna maɓalli yana zuwa.