Akwatin Ƙarfe Ba Kayan Babur Ba Ne

Hutu ya ƙarato, kuma kowa ya san yadda bakin ƙofar makaranta yake cika ranar tafiya gida. Waɗanda garinsu ke bakin kwalta mota za ta kai su har ƙofar gida. Amma da yawa daga cikinmu, inda mota ta sauke mu daga nan sai babur, wani lokaci tafiyar awa guda ko fiye a kan burji da yashi. Ra'ayinmu a wannan mako shi ne, akwatin ƙarfe bai kamata ya riƙa hawa babur ba, kuma makaranta tana da hanyar da za ta raba mu da wannan wahala.

Mu duba yadda ake ɗora shi. Wuri biyu ne kawai. Ko dai ɗan acaɓa ya aza shi a kan tanki tsakanin hannuwansa, ko a ɗaure shi a kariya bayan fasinja. In yana kan tanki, kan babur ba zai juyu sosai ba, ga shi ya tare wa mai tuƙi ganin ramin da ke gabansa. In kuma yana baya, nauyin ya wuce tsakiyar tayar baya, sai ya riƙa ɗaga gaban babur kamar yadda babban yaro ke ɗaga ƙarami a kan lilon katako. Tayar gaba ita ke juya babur, kuma in ta rasa nauyi ba ta kama ƙasa da kyau. A kan kwalta mai santsi ba lallai a lura ba. A cikin yashi ko wajen hawan gangaren rafi, nan take za a ji kan babur yana rawa. Malaman kimiyya sun koya mana wannan a aji da ma'auni da alli, sai dai ranar hutu duk mukan bar darasin a cikin littafi, littafin kuma yana cikin akwatin.

Akwai mutanen da tafiya mai nisa a kan babur ita ce sha'awarsu. A shekarar 2022 wani ɗan Najeriya, Kunle Adeyanju, ya taso daga Landan har Legas a kan babur, tafiyar kusan kwana 40, domin wayar da kai game da cutar shan inna. Masu irin wannan tafiya ba sa tara kaya wuri guda a sama. Sukan raba shi gida biyu, jaka a dama jaka a hagu, nauyinsu ɗaya, mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama. Ba mu da kuɗin irin jakunkunansu, amma dabarar kyauta ce. Ƙananan jakunkuna biyu masu laushi sun fi Gana-mas-go guda da aka cusa wa kaya har zif ya ƙi rufuwa. Littattafai da takalma su zauna a ƙasa, tufafi a sama. A sa leda daga ciki saboda ruwan sama, domin ledar da aka rufa daga waje iska ce ke fara yage ta.

Sai batun ɗauri, kuma nan ne muka fi sakaci. Mukan tsaya gefe muna sallama da abokai, mu bar ɗan acaɓa ya ja roba sau biyu ya ce ya yi. Roba tana miƙewa. Kayan da ya zauna daram a bakin ƙofa, bayan gargadar minti goma ya fara zamewa gefe guda. Kafin ka hau, kama kayan ka girgiza da ƙarfi. In kayan ya motsa babur bai motsa ba, a sake ɗauri. Bayan an ɗan taɓa tafiya, ka roƙi mai babur ya tsaya a ƙara ja. Ba rashin kunya ba ne, kayanka ne kuma ƙafarka ce. A duba kada bakin roba ko igiya ya yi lilo kusa da taya ko sarƙa, kada kuma jaka ta jingina da salansa, don zafinta yana narkar da leda da buhu. 'Yan uwanmu mata, wannan ya shafi dogon hijabi da abaya: a tattare su a kan cinya kafin babur ya tashi. Taya ba ta san bambancin igiya da mayafi ba.

Wasu kan ce to a goya jakar a baya mana. Ƙaramar jaka mai ɗauke da kuɗin mota da katin makaranta, babu laifi. Amma jaka mai nauyi tana jan mutum baya duk lokacin da babur ya zabura, kuma in aka faɗi, kwanon abinci da kwaɗon da ke ciki a kan ƙashin bayanka za su sauka. Hular kwano kuwa, tun farkon 2009 Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta, har ga fasinja. Mun san da wuya ka samu ɗan acaɓan ƙauye da ta biyu, amma wanda ke da ita a gida ya sa a kawo masa.

Iyayenmu suna da hujja da suke saya mana akwatin ƙarfe. Ɓera ba ya huda shi, yana ɗaukar kwaɗo, yana kai mutum daga aji ɗaya har aji shida. Duk mun yarda. To amfaninsa a ɗakin kwana yake, me zai je yi gida sau uku a shekara ya dawo sau uku?

Don haka muke roƙon shugaban makaranta da malaman ɗakunan kwana su ware ɗaki guda mai ƙofar kirki a matsayin sito na lokacin hutu. Kowane ɗalibi ya kulle akwatinsa, a rubuta sunansa da ajinsa a jiki da kuma cikin rajista, ya sa hannu, makullin ɗakin ya zauna wurin hukumar makaranta. Za a ce in wani abu ya ɓata wa zai biya? Tambaya ce mai kyau, shi ya sa muka ce kuɗi da duk abu mai daraja su bi mai su gida, a bar katifa, bokiti, akwati da littattafan da ba za a buɗe ba. 'Yan wannan kulob a shirye muke mu riƙe rajistar tare da shugabannin ɗalibai ranar Alhamis ɗin ƙarshe ta zango, in an ba mu izini.