Tafarkin Ƙarfe da Duwatsun Adamawa

Duk wanda ya tsaya a bakin Kogin Binuwai a Jimeta da hantsi zai hango duwatsun Bagale a tsallake, in kuwa ya juya kudu da Yola sai ga na Verre. Allah ya hore wa Jihar Adamawa duwatsu, tun daga Mandara a arewa har zuwa Alantika a kan iyakar Kamaru. Saboda haka ya kamata masu maganar yawon buɗe ido su san wata dabarar hawan dutse da ake kira "via ferrata" da harshen Italiya, watau tafarkin ƙarfe.

Ga yadda abin yake. Ana kafa wayar ƙarfe mai kauri a jikin dutse, a ɗaure ta da turaku, a kuma dasa matakala inda ƙafa ba ta da wurin takawa. Mai hawa yakan sa hular kwano, ya yi ɗamara da igiya mai ƙugiya biyu. In ya iso turke sai ya cire ƙugiya ɗaya ya maƙala a gaba, sa'an nan ya cire ta biyun, don kada a sami lokacin da ya rabu da wayar. An fara irin wannan aiki a dutsen Dachstein na ƙasar Ostiriya a 1843. Amma ya bunƙasa ne a duwatsun Dolomite daga 1915, sa'ad da sojojin Italiya da na Ostiriya suka riƙa kafa tsani da waya don kai mayaƙa da kaya bisa ƙololuwa. Bayan yaƙi sai hanyoyin suka koma hannun masu yawon shaƙatawa.

To, Adamawa ba baƙuwa ce ga wannan fasaha ba. Mutanen Sukur, a Ƙaramar Hukumar Madagali, sun daɗe da shimfiɗa hanya da fale-falen dutse tun daga gindin tsauni har zuwa fadar sarkinsu, Hidi. Abin sha'awa shi ne sun shahara da narkar da tama, amma da dutse suka gina hanyarsu, abin da ba ya tsatsa. Wannan na cikin dalilan da suka sa Hukumar UNESCO ta sanya Sukur a jerin wuraren tarihi na duniya a 1999, wuri na farko a Nijeriya. A ƙarshen 2014 'yan Boko Haram suka kai wa garin hari, suka yi ɓarna a fadar.

Tafarkin ƙarfe kuwa yana da sharuɗɗa. Waya tana tsatsa, turke yana kwancewa, kuma wayar da ta ruɓe ta fi rashin waya hatsari, domin mutum zai jingina ransa a kanta. Da damina ƙarfe yana jan tsawa, da bazara kuma ya yi zafin da hannu ba zai riƙe ba. Dole a sami ma'aikatan da za su riƙa duba shi, da 'yan jagora da aka horar, da hanyar sauko da wanda ya ji rauni. Ƙasar da famfon tuƙa-tuƙa yakan lalace ya shekara ba gyara, sai ta yi tunani kafin ta rataye rayuka a jikin tsauni.

Don haka abin da ya fi dacewa shi ne a fara da na hannu. A kula da hanyar Sukur, a horar da samarin wurin su zama 'yan jagora, a kuma kyautata hanyoyin tsaunukan Koma, waɗanda labarinsu ya cika jaridu a 1986 zamanin tsohuwar Jihar Gongola. Mazauna can ba don nishaɗi suke hawa da sauka ba, sai don kasuwa da asibiti da makaranta. Su ne suka fi cancanta da matakala ta farko. Da ma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sakaci da gyara shi ne tsagewar.